Kotu ta wanke ni, amma bindigata tana hannun 'yan sanda: ina mafita?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa sa baki ba, yau dai lalura ta fito da ni. Ina da bindiga mai baki biyu ta farauta da gadin gona, lasisinta da sunana, shekara 11 ina sabunta shi ban taɓa fashi ba. Rigimar iyaka ta haɗa ni da maƙwabcin gonata, ya kai ƙara wai na auna shi da bindiga. Allah ne shaidata ranar ko daga ɗaki ban fito da ita ba. 'Yan sanda suka zo suka ɗauke ta, da harsashi 14, da littafin lasisin. Shekara ɗaya da wata takwas ana bugawa a kotu, ƙarshe alƙali ya ce babu hujja, ya sallame ni.

Yau wata huɗu ke nan ina sintiri. Na je an ce jami'in da ya yi binciken an yi masa canjin wurin aiki. Na koma an ce mai makullin ɗakin ajiya ba ya nan. Zuwa na uku aka ce sai umarni ya zo daga sama. Ba zan ambaci gari ko ofishi ba, ba tonon silili ya kawo ni ba. Hanya nake nema. Wanda ya san yadda ake yi ya taimaka don Allah.

Mai Gona:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara rufa asiri. Ni shawarata ka bar musu ita. Ka fita lafiya daga shari'a, wannan ma riba ce. Yawan zirga-zirga a wurin nan ba alheri ba ne.

Baban Ummi:
Na gode Malam, amma ba zan iya ba. Ta mahaifina ce, bayan rasuwarsa aka bi ƙa'ida aka mayar da ita sunana. Kuma idan na haƙura, a idon mutanen da suka ga an fito da ita daga gidana, kamar na amsa laifin ne.

Lauyar Zaure:
Baban Ummi, sannu da wannan ɗawainiya. Kafin in ce komai ina da tambaya uku, domin amsarsu ce za ta nuna ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Ta farko, me aka rubuta a takardar hukuncin? Sallama kawai aka yi, ko sallama da wankewa? Mutane na haɗa su, alhali akwai tazara. Idan an kori ƙara ne saboda mai ƙara ya daina zuwa ko shaidu ba su bayyana ba, ana iya sake shigar da ita, kuma 'yan sanda za su ce suna riƙe da kayan shaida saboda haka. Idan kuwa an saurari shari'a har ƙarshe aka wanke ka, kuma wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce ba wanda ya ɗaukaka, wannan uzurin ya faɗi.

Ta biyu, an gabatar da bindigar a gaban alƙali a matsayin shaida, aka karɓa aka sa mata lamba? Idan an yi haka ta zama kayan kotu, ko da a ɗakin 'yan sanda take kwana, kuma babu ɗan sandan da zai sake ta ba da umarnin kotu ba.

Ta uku, lasisinka yana da rai yanzu?

Baban Ummi:
Barista, "an sallame shi, an kuma wanke shi" na ji da kunnena. An kawo ta kotu sau ɗaya, aka ɗaura mata takarda a wuya. Lasisi kuwa ya ƙare tun shari'a tana wata na biyar, tunda littafin yana hannunsu ban samu damar sabuntawa ba.

Lauyar Zaure:
To ga inda gizo ke saƙa. Wanke ka da kotu ta yi abu ne daban, sakin bindigar abu ne daban, kuma na farkon ba ya jawo na biyun da kansa. Hukuncin ya amsa tambaya guda ce: shin ka aikata laifin? Bai ce komai a kan inda kayan shaida za su nufa ba, sai in an roƙi alƙali ya faɗa. Lauyoyi da yawa, don murnar nasara, sukan fice daga kotu ba su nemi wannan umarnin ba. Da an tashi an roƙa a ranar, da jimla biyu ta gama maganar.

Yanzu abin yi: lauyanka ya koma kotun da ta yi shari'ar, ya shigar da buƙata a rubuce cewa a sake maka kayanka. Ya haɗa da kwafin hukunci mai hatimin kotu, da takardar rantsuwa da ke bayyana cewa kai ne mai ita, da lambar da ke jikin bindigar, da duk wata tsohuwar shaidar biyan kuɗin lasisi da kake da ita. A ba mai gabatar da ƙara kwafi domin ya faɗi idan yana da suka. Kuma a tabbata umarnin ya ambaci komai ɗaya bayan ɗaya: bindiga da lambarta, harsashi da adadinsa, littafin lasisi. Abin da umarni bai ambata ba, mai ajiya ba zai miƙo ba.

Sai babban gargaɗi. Ko gobe aka ce zo ka ɗauka, kada ka taɓa ta kafin lasisi ya dawo da rai. Daga lokacin da ka ƙetare ƙofar ofishin da ita, kai mai riƙe da bindiga ne ba izini, kuma wannan laifin ya fi wanda aka wanke ka a kansa nauyi a ƙasashe da yawa.

Tsohon Sufeto:
Barista ta faɗi gaskiya. Bari in ƙara da yadda abin yake daga ciki, tunda na riƙe ɗakin kayan shaida na wasu shekaru kafin in yi ritaya.

Duk abin da ya shiga ɗakin nan ana rubuta shi a rajista: ranar shiga, lambar shari'a, wanda ya kawo, siffar abin. Ranar fita ma sai an rubuta bisa umarnin wa, an miƙa wa wa, sannan a sa hannu. Mai ajiya da ya saki rediyo ko keke bisa kuskure, faɗa za a yi masa. Wanda ya saki bindiga, gobe aka yi ɓarna da ita, aikinsa ya tafi, wataƙila har da 'yancinsa. Shi ya sa kake jin "sai umarni daga sama". Ba kullum mugunta ba ce, sau da yawa tsoro ne. Ka kawo masa takardar da zai manna a fayil ya kare kansa da ita, za ka ga makulli ya fito.

A Najeriya inda na yi aiki, dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su uku. Akwai haramtattu irin na yaƙi, waɗanda izininsu sai shugaban ƙasa. Akwai na amfanin kai kamar mai baki biyu, lasisinsu daga ofishin Sufeto Janar. Sai na ɗuri irin na gargajiya, waɗanda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba izini. Ka ga shugaban ƙaramin ofishi ba shi da ikon cewa lasisinka ya farfaɗo. Ko yana ƙaunarka, hannunsa bai kai nan ba.

Ɗan Birni:
Yallaɓai ka faɗi rabi ka bar rabi. Kowa ya san abin da "mai makulli ba ya nan" ke nufi. Baban Ummi ka ɗan ba da na goro a wuce wurin, kotu za ta ƙara cinye maka shekara.

Tsohon Sufeto:
Ɗana, kada ka jefa bawan Allah a rami. Bindigar da ta fita ta bayan fage, a rajista tana nan a matsayin kayan shaida. Ranar da aka zo ƙidayar kaya aka ga babu, wa za a fara nema? Wanda ya karɓi goron zai rantse bai san zancen ba, a tarar da ita a ɗakin Baban Ummi ba takarda ba lasisi.

Ɗan Birni:
Ƙidaya? Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayyar Najeriya na shekarar 2019 ya ce bindigogi 178,459 na 'yan sanda ba a san inda suke ba, a ciki har da AK-47 guda 88,078. Nasu ke nan na aiki. Ina ga ta wani manomi da aka jingine a lungu? Ni tsorona ma kada a ce ana ta yi masa yawo da hankali ne don babu ita.

Tsohon Sufeto:
Wannan rahoton ya ƙona mini rai fiye da yadda kake zato, ba zan kare shi ba. Amma hujja ce a kanka. Idan ana tsoron ta ɓace, maganin shi ne takarda, domin takarda ce ke sa a nemo wanda ya sa hannu ya karɓa. Baban Ummi, ka sa lauyanka ya roƙi a ba shi damar ganin bindigar da idonsa, ya duba lambarta, tun kafin a saurari buƙatar.

Maman Sadiq:
Ku yi haƙuri zan shigo da abin da ba za a so ji ba. Kowa a nan yana magana kamar mayar da bindiga mayar da keke ne. Ni ina aiki da matan da suka tsere wa duka a gidajensu, kuma na san abin da kalmar "an mayar masa" ke nufi ga wasunsu: daren nan ba barci.

A Ingila, a garin Plymouth, an karɓe bindigar wani matashi da takardar izininsa a watan Disambar 2020 bayan ya daki wasu yara a wurin shaƙatawa. A watan Yulin 2021 'yan sanda suka mayar masa. Ranar 12 ga Agusta ya harbe mutum biyar, ciki har da mahaifiyarsa da yarinya 'yar shekara uku, sannan ya kashe kansa. Binciken da aka yi a 2023 ya ɗora babban laifi a kan sashen ba da lasisi. Ba ina cewa Baban Ummi haka yake ba, Allah ya kiyaye. Ina cewa jinkirin da ake kuka da shi wani lokaci shi ne ke tsakanin mace da kabarinta. Kuma rashin hujja a kotu ba ya nufin ba a yi barazana ba, sau nawa shaidu ke janyewa don tsoro?

Baban Ummi:
Hajiya, maganarki ta taɓa ni, kuma ban ji haushi ba. Ina da 'ya'ya mata. Amma ki duba, ni ba jinkirin bincike ake yi mini ba. Da an ce za a zo a tambayi iyalina, a tambayi maƙwabta, a kai ni wurin likita, wallahi da na buɗe ƙofa. Ba wanda ya tambayi kowa komai. Wata huɗu ba a duba halina ba, ba a kuma ba ni kayana ba.

Lauyar Zaure:
Maman Sadiq, abin da kika kawo shi ne dalilin da ya sa na raba tambayoyin. Mallaka daban, cancantar riƙewa daban. Kotu na iya cewa bindiga taka ce, hukumar lasisi kuma ta ce ba ka cancanci riƙe ta ba, duka biyun su zama daidai, domin ma'aunin hukunta mutum ya fi ma'aunin hana shi lasisi tsauri. Abin da ya faru a Plymouth gazawar tantancewa ce, an mayar ba tare da an auna mutumin yadda ya kamata ba. Bayan abin ne, daga Nuwamban 2021, Birtaniya ta wajabta kawo bayanin likita kafin a ba da lasisi.

Inda na rabu da ke shi ne ɗaukar jinkiri a matsayin kariya. Idan hukuma na ganin mutum haɗari ne, ta soke lasisinsa a rubuce, ta faɗi dalili, shi kuma ya samu damar ƙalubalanta. A Ingila kwana 21 ake ba shi ya kai kuka kotu. Amma riƙewa a shiru ba ta kare kowa. Mai haɗarin da ke da kuɗi ko ubangida zai karɓe tasa cikin mako, mai gaskiyar da ba shi da kowa ya shekara yana sintiri.

Maman Sadiq:
Na yarda da rabin nan na ƙarshe. Amma ina so a riƙa sanar da wanda ya kai ƙarar kafin a saki makami, ko da an wanke wanda ake zargi. Shi ma yana da haƙƙin ya san abin da ke dawowa unguwarsu.

Tsohon Sufeto:
Wannan kam ina bayanki, Hajiya. Da a hannuna ne ma, sai an zaunar da su biyun an kashe maganar iyakar kafin komai. Shari'ar barazana ta ƙare, amma gonakin suna nan manne da juna.

Yaya na Amurka:
Bari in kawo yadda ake yi a nan, ko zai ba da haske. A kotunan tarayya akwai ƙa'ida ta 41(g) a dokokin shari'ar laifi, wadda ta ba mutum damar roƙon kotu a mayar masa da kayan da aka ƙwace. A Kalifoniya kuwa ko alƙali ya ce a ba ka, sai ka cika takarda zuwa ma'aikatar shari'a ta jihar an sake bincika ko ka cancanta. Wasiƙar amincewar kwana 30 take aiki, kuma idan aka sanar da kai ka bar bindigar kwana 180 ba ka nema ba, hukumar da ke riƙe da ita na iya rabuwa da ita. Wato a nan ma wankewa ba ta isa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne shari'ar Henderson ta 2015. Tony Henderson tsohon jami'in tsaron iyaka ne, aka kama shi da laifin rarraba wiwi, ya miƙa bindigoginsa ga FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya, a matsayin sharaɗin beli. Da ya amsa laifi doka ta haramta masa riƙe bindiga. Ya ce to a miƙa su ga wani da zai saya, gwamnati ta ƙi. Kotun Ƙoli, baki ɗayan alƙalanta tara, ta ce haramcin riƙewa bai shafe mallaka ba, ana iya miƙa su ga dillali mai lasisi ya sayar, ko ga wani mutum, muddin alƙali ya gamsu ba za su dawo ƙarƙashin ikonsa ba. To idan wanda aka samu da laifi bai rasa dukiyarsa ba, ina ga wanda aka wanke?

Lauyar Zaure:
Madalla da wannan, Yaya. Hukuncin Amurka ba ya ɗaure alƙalin wata ƙasa, amma dabarar tana da amfani. Baban Ummi, ka ce wa lauyanka ya sa roƙo na biyu a cikin buƙatar: idan kotu ba za ta miƙa maka kai tsaye ba saboda lasisi, ta ba da umarni a fara sake maka littafin domin ka sabunta, bindigar kuma a ajiye ta da sunanka a ma'ajiyar makamai ta hukuma ko wurin dillali mai izini. Da haka ta tashi daga kayan shaida ta koma ajiya, kuma ajiya tana da mai ita.

Matsalar tsohuwa ce, ba ku kaɗai ba. Ingila tana da doka tun 1897 da ta ba mutum damar kai 'yan sanda gaban majistare a kan kayansa da ke hannunsu. Kotun Ƙolin Indiya ma a 2002 ta ja kunne cewa a daina barin kayan mutane suna lalacewa a harabar ofisoshin 'yan sanda, a ɗauki hoto, a rubuta bayani, a miƙa wa mai shi bisa sharaɗi.

Maƙerin Bindiga:
Ni ba ruwana da doka, ƙarfe na sani. Shekara biyu a ɗakin da ba mai shafa mata mai, ka sa a ranka tsatsa ta shiga. Ranar karɓa kada ka sa hannu a kan "na karɓa lafiya" sai ka buɗe ta ka leƙa bututun biyu a haske, ka duba lambar da ke jiki ta dace da ta littafi, ka ga ko gindin katakon ya tsage. Duk abin da ka gani a rubuta a takardar kafin sa hannu, ka ɗauki hoto. Kuma kada ka harba ta sai wanda ya san aiki ya duba. Tsatsar da ta ci rami a cikin bututu tana iya fasa shi a hannunka. Harsashin da ya sha danshi ma ba abin yarda ba ne.

Mai Gona:
To ni na janye maganata ta farko. Ban san akwai hanya a fili haka ba.

Baban Ummi:
Jama'a na dawo bayan mako bakwai, ga inda aka kwana. Lauyana ya shigar da buƙatar kamar yadda Barista ta tsara, har da roƙo na biyun. Mai gabatar da ƙara ya ce ba shi da suka. Alƙali ya ba da umarni a ba ni littafin lasisi nan take, bindigar kuma a miƙa mini ranar da na kawo shaidar sabuntawa. Littafin yana hannuna yanzu, na kai shi ofishin lasisi, sun ce za su turo a duba inda zan ajiye ta a gida.

Na ga bindigar da idona. Lambarta daidai, tsatsa ta hau bayan bututun dama, cikin kuma ban iya gani sosai ba don ɗakin duhu ne. Hajiya Maman Sadiq, maganarki ba ta bar ni ba: na aika wa maƙwabcin nawa ta hannun dattawan da suka san mu duka cewa ga abin da kotu ta ce, kuma ina so a kafa alamar iyaka a gaban shaidu kafin bindigar ta dawo gida. Ya amsa.

Abu ɗaya ya rage. Umarnin kotu ya ce harsashi 14, rajistarsu ta ce 14, amma da aka ƙirga a gabana 11 ne. Mai ajiyar ya ce in sa hannu a kan 14 a wuce wurin. Ban sa ba.

Lauyar Zaure:
Ka yi daidai. Idan ka sa hannu a kan 14, ukun nan a wuyanka suke duk inda suka bayyana. Ranar karɓa ka rubuta da hannunka cewa 11 aka miƙa maka, mai ajiyar ya sa hannu a ƙasa, lauyanka ma ya sa. Sannan a rubuta wa shugaban ofishin wasiƙa a kan ukun, a kai kwafi rajistar kotu, ka riƙe naka mai hatimin karɓa.

Tsohon Sufeto:
A tambaya kuma ko an taɓa aika ta wurin masu gwajin makamai lokacin bincike. Idan an yi gwajin harbi, suna iya amfani da wasu daga cikin harsasan, kuma rahoton gwajin zai nuna guda nawa. Ka ce a duba fayil ɗin tukuna.